Tsakanin "Zamna" da "Zauna"

A gidanmu na Jega na tashi ina jin kakata tana cewa "zamna", "sabka" da "hwara". Ranar da na rubuta "zamna" a aji, malami ya soke ta da jan biro, ya ce "zauna" ce daidai. Na daɗe ina ɗaukar lafazin kakata gurɓatacce, kafin nazari ya nuna mini akasin haka.

Tun a shekarun 1920 Bajamushen masani August Klingenheben ya bayyana cewa baƙaƙen leɓe da ke ƙarshen gaɓa sun raunana a Kananci, suka koma "u". Da haka "sabka" ta zama "sauka", "abduga" ta zama "auduga". Ashe Kano ce ta sauya, mu kuwa a Jega da Aliero da Maiyama tsohon furucin muka riƙe.

To, me ya ɗora sabon a kan tsohon? Daraja ce. A ƙarni na 19 mulki da malanta suna Sakkwato da Gwandu, don haka babu mai jin kunyar karin yamma. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, boko ya kafu, aikin ɗab'i ya zauna a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, kuma a kan Kananci aka gina daidaitacciyar Hausa. Rediyo da finafinan Kano suka shigar da ita kowane gida.

Cuɗanya ta ƙarasa aikin. Kasuwar Jega tana tara fatake daga gabas da kudu, albasar Aliero tana jawo 'yan sari, jami'ar da aka kafa a garin a 2006 kuma ta kawo ɗalibai daga nesa. Sau da yawa na ji saurayi ya ce "fara" gaban baƙo, ya koma "hwara" gaban mahaifiyarsa.

Haka aka yi a ƙasar Sin. Furucin Beijing aka ɗauka ma'auni a shekarun 1950, alhali ya zubar da baƙaƙen p, t, k na ƙarshen gaɓa, waɗanda mutanen Kanton suke furtawa har yau.

Ban ƙi daidaitacciyar Hausa ba, da ita nake wannan rubutu. Roƙona shi ne malami ya gaya wa yaron Maiyama cewa "zamna" ta girmi "zauna", kafin ya ɗauki jan biro. Idan yaron ya daina faɗinta don kunya, mun rasa shaidar da mai tarihin harshe zai nema gobe.