Ɓarayi Da Yawa, Mai Bincike Ƙalilan: Waiwaye Daga Agege

Kwanakin baya ɗan wana, wanda ke sayar da kayan waya a wajen Pen Cinema, ya tare ni da tambaya. "Baffa, wai akwai littafin Hausa irin wanda ake kashe mutum a shafin farko, sai a shafin ƙarshe a gano wanda ya kashe shi?" Har na buɗe baki zan ce masa suna nan jibge, sai na yi turus. Labarin laifi kam muna da shi a rubuce tun kakansa yana yaro. Mai binciken ne, mutumin nan da ke bin sawu yana haɗa wannan da wancan, ya daɗe bai samu tabarma a adabinmu ba.

Abin ya faro daga Zariya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasar ƙagaggun labarai, aka fitar da littattafai biyar, kuma biyu daga ciki na masu laifi ne. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu, mai karatu yana bin su yana dariya kamar yadda yake bin Gizo a tatsuniya. Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin ya fi nauyi. Attajiri Malam Shaihu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ramuwar kuma ta sauka a kan yaron da Zainab ta haifa wa Malam Shaihu, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Babu wanda ya binciki komai. Mun san mai laifi tun farko. Abin da muke jira shi ne ranar da alhaki zai cim masa. Wannan labarin ne ya sake ɓullowa da Turanci a 1962 cikin An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, har masana suka daɗe suna gardamar ko aro Ekwensi ya yi.

Mu da muka tashi a Agege, inda fataucin goro da layin dogo suka zaunar da kakanninmu, kunnenmu uku ne. Na Hausa yana zuwa daga Arewa, a teburin mai sayar da Ahalari da Ishiriniya. Na biyu a bakin maƙwabta muke jin sa, domin Yarabawa sun riga mu samun mai bincike: a 1969 Oladejo Okediji ya fito da Lapade, tsohon ɗan sanda, cikin Aja Lo Leru, Kola Akinlade kuma ya yi ta jan Akin Olusina daga littafi zuwa littafi. Na uku shi ne James Hadley Chase, wanda duk ɗan sakandare na wancan zamani ya ɓoye a ƙarƙashin tebur. Abin dariya, mutumin Ingila ne, yawancin Amurkar da yake zanawa a taswira da littattafai ya san ta, amma mu a nan mun rantse ya san kowane lungu. Daga 1977 jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan ya shigo, har da The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano, wanda ya nuna mana cewa mai suna irin namu ma zai iya shiga irin wannan littafi.

Ƙasar ma ta sauya a tsakanin nan. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya bar bindigogi a hannun mutane, kuɗin mai ya shigo, fashi da makami ya zama ruwan dare, har a 1971 jama'a suka yi dafifi a Bar Beach kallon harbe Ishola Oyenusi. Ɓarawon da ke haƙa katanga da dare ya zama tsohon yayi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, a ƙarshen shekarun 1970, ya kama farkon wannan sauyi: yaron ƙauye ya taho birni da buri, birni ya miƙa shi ga miyagu. Littafi ne mai yawan nasiha, wani lokaci har nasihar ta danne labarin, amma duk wanda ya taɓa saukowa daga mota a Ikko da jaka ɗaya zai gane yaron.

Sai 1982, shekarar da nake ganin ita ce tsakiyar wannan tarihi, kuma da hannun Legas a ciki, don Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, wanda ke nan lokacin tana babban birni, shi ya shirya gasar da ta haifi littattafai biyun da ke tafe. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya ɗauko fasa-ƙwauri: Alhaji Gabatari, mai kuɗin da ake faɗuwa ana gaishe shi, da ma'aikatan da ya saye. A nan laifi ya tashi daga hannun matalauci ya koma cikin babbar riga. Wanda ya san hanyar Seme ko ta Idiroko ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa, har yau ban karanta na biyunsa ba. Mailoma ba ɓarawon tatsuniya ba ne, shugaban ƙungiya ne mai tsari, da makamai, da harkar ƙwaya, da mutanen da yaƙi ya koya wa kisa ya sallame su ba sana'a. Gagare bai tsaya yi wa mai karatu wa'azi a kowane shafi ba, ya bar mugunta ta yi magana da bakinta, shi ya sa littafin ke da ban tsoro. Akwai wuraren da jinin ya yi yawa, akwai inda ƙamshin fina-finan Turawa ya fito fili. Duk da haka Hausarsa tsaf take, kuma in mutum ɗaya zai tambaye ni littafi ɗaya, shi zan miƙa. Amma a lura, ko a nan ɗin ma mai laifin ne ke riƙe da labarin.

Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubutan Kano suka koma buga nasu da kansu. Soyayya ce ta cinye kasuwar, sai dai a gefenta Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun kawo saurin nan na Chase cikin Hausa: babi gajere, kuɗi a jaka, cin amana, a bar ka rataye sai ka nemi littafi na biyu. A hannun wannan zubi ne jami'in bincike ya fara leƙowa sosai, ko da yake sau da yawa sai ƙura ta lafa yake isowa.

Na daɗe ina juya dalilin ƙarancin mai bincike a adabinmu. Labarin bincike irin na Ingila yana tsaye ne a kan yarda cewa ɗan sanda zai tono gaskiya, kotu kuma ta tabbatar da ita. Mai karatunmu bai gaji wannan yarda ba. Kakansa ya san ɗan doka da dogari na zamanin En'e, shi kuma a zaman baƙunci ya koyi cewa in rigima ta taso gara a kai ta gaban mai unguwa ko fadar Sarkin Hausawa kafin ta kai caji ofis. Wanda ya tashi da jin cewa alhaki kwikwiyo ne ba ya matsuwa da sanin wa ya yi. Yana so ya ga yadda za ta ƙare da shi. Marubutan Legas na yanzu ma kusan nan suka dawo. A Easy Motion Tourist na Leye Adenle, na 2016, lauya ce mace, Amaka, ke bin sawun miyagu. My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, na 2018, tun daga bango ya faɗi mai kisan. Duka biyun sun cancanci kuɗin mutum.

Ɗan wan nawa a waya yake karatu, ta WhatsApp da Wattpad, wani lokaci ma saurare yake a YouTube yana ba da canji. Na ɗauko masa tsohon kwafina na Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, na ce mako biyu na ba shi. Wata na uku ke nan. Da na tambaya, sai ya sosa ƙeya ya ce littafin yana Mile 12 wajen wani abokinsa mai albasa, kuma akwai mutum biyu a layi.