Daga Armeniya zuwa Ƙonni: kisan da aka ƙi amsa sunanshi



Duk ranar 24 ga Afrilu Armeniyawa na zaman makoki. A wannan rana ta 1915 ne gwamnatin daular Usmaniyya ta kame manyansu a Istambul. Daga nan aka kora jama'a a ƙasa, mata da yara da tsofaffi, zuwa hamadar Siriya. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda sunka mutu daga dubu 600 zuwa miliyan 1 da rabi. Har gobe Turkiyya ba ta yarda a kira abin kisan ƙare dangi ba. Cewa take yaƙi ne, yunwa da cuta sun ci kowane ɓangare. Faransa kuwa tun 2001 ta yi doka ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne.

To, madalla. Amma mu dawo gida.

A watan Mayu na 1899 rundunar kaftin Voulet da Chanoine, bayan sun gwabza da Sarauniya a Lugu, sunka faɗa ma Birnin Ƙonni. An ƙone gari, an kashe dubbai, an kwashi mata bayi, gawa har cikin rijiyoyi. Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsai da su ya biyo sawunsu, ya ga kufai da idonshi, ya rubuta. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Tasawa. Kwanaki kaɗan, sojojinsu sunka kashe su biyun. Kaburburansu na nan Maijirgi.

Mi ya biyo baya? A 1900 ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi a yi bincike, majalisa ta ƙi. A 1902 aka rufe takardun, wai zafin Afirka ne ya haukata hafsoshin. Ƙasar da "mahaukatan" sunka ci kuwa, ba a maido ta ba, an riƙe ta har 1960.

Kun ga yadda inkari ke aiki? Ba dole sai an ce ba a mutu ba. Sai a canza ma abin suna, a ɗora ma yaƙi ko hauka, a kulle takardu, a jira shaidu su ƙare. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Armeniyawa sun rubuta sunayen ƙauyukansu da kakanninsu, shi ya sa duniya ta kasa mantawa. Mu namu tarihin yana bakin tsofaffi, kuma kullum muna kai su makwanci. Wanda ke da kaka a gida, ya ɗauki salula ya naɗi abin da ta jiya daga nata kakanni: sunan unguwa, sunan rijiya, sunan wanda aka tafi da shi. Ku aiko muna, mu karanta a rediyo.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.