Kishin Ƙasa Iri Biyu: Darasi Daga Iyakar Illela

Kishin ƙasa kalma ce mai daɗin faɗi, amma mutane biyu kan furta ta alhali abin da suke nufi ya sha bamban. Na farko ya ɗauka duk abin da gwamnati ta zartar shi ne maslahar ƙasa, wanda ya yi tambaya kuwa maci amana ne. Na biyu yakan auna kowane hukunci da abin da ya jawo wa talakawan da ake cewa dominsu aka yi shi. Babu inda bambancin ya fi fitowa fili kamar ƙasar Illela, inda mutumin Gidan Katta ya fi kusa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar a kan birnin Sakkwato.

Ita wannan iyaka ba mutanen wurin suka shata ta ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka ja baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka sake gyara ta a 1904 da 1906, kana Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba dangi da gonaki da kasuwanni, amma auratayya da fatauci suka ci gaba kamar da.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a daidai lokacin da ta canja takardun naira, don ta karya 'yan fasa-ƙwauri da waɗanda suka ɓoye kuɗi a waje. Manufar ba ta rasa hujja ba, domin arzikin ƙasa yana ta zurarewa. Sai dai rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani. Hatsin da ya saba ratsawa ta Illela ya tsaya, masu dabbobi a Adar suka rasa kasuwa, har Hausawan Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya. A wancan zamani shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a ya mai da kishin ƙasa abin tilas, watau haddace take da girmama tuta, Doka ta 4 kuma ta ɗaure bakin jaridu. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor. Mai kishin ido rufe ya yi tafi. Tambayar wane ne ya ci riba, babban ɗan fasa-ƙwauri mai sayen hanya ko mai jaki ɗaya, ba ta sami mai yin ta a fili ba, sai da Janar Babangida ya buɗe iyaka a Maris na 1986.

Ƙasar Sakkwato kuwa ta daɗe da sanin ɗaya irin kishin. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar jihadi a Tabkin Kwatto, ya ga son duniya ya fara shiga jama'arsa, sai ya bar su da niyyar gabas. Ya tsaya Kano, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya komo ya ci gaba da hidima. Tarihi bai ƙidaya sukar tasa a cin amana ba.

Abin ya sake maimaituwa. An rufe iyaka a Agusta na 2019 don kare shinkafar gida, farashin abinci ya hau, aka buɗe Illela tare da Maigatari da Seme da Mfum a Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na Yuli na 2023 aka sake rufewa, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, har ana batun kai yaƙi. A wannan karo masu tambaya ba su yi shiru ba. Sanatocin Arewa suka tuna wa gwamnati cewa jihohi bakwai ke maƙwabtaka da Nijar, Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, malamai da sarakuna suka shiga tsakani. Motocin kaya sun yi watanni jere a Illela, albasa tana ruɓewa a buhu, kafin a buɗe iyakar a Maris na 2024.