Kayan kariya a wurin gini: Wa doka ta ɗora wa nauyin samar da su?

A yawancin wuraren gine-gine a biranen Najeriya, ba abin mamaki ba ne a ga lebura sanye da silifas yana hawa bene da kwanon kankare a ka, ko mai walda yana aiki ba tabarau. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka cewa wanda ke son kariya shi zai saya da kuɗinsa. Doka ba haka ta ce ba: nauyin yana wuyan wanda ya ɗauke su aiki.

Kayan da ake nufi

Sun haɗa da hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu, tabarau, takunkumin hana shaƙar ƙurar siminti, riga mai ƙyalli da ɗamarar da ke riƙe mai aiki a sama idan ƙafarsa ta zame.

Abin da yarjejeniyoyin duniya suka tanada

Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka amince da ita a 1981 kuma Najeriya ta rungume ta a 1994, ta wajabta wa masu ɗaukar aiki samar da tufafi da kayan kariya a duk inda ake buƙata. Sashe na 21 ya ƙara da cewa matakan kare lafiya a wurin aiki ba za su ci ko kwabon ma'aikaci ba.

Yarjejeniya mai lamba 167 ta 1988 kuwa kan gine-gine kaɗai ta tsaya. Ta ɗora wa mai ɗaukar aiki samar da kayan kyauta da kula da su. Idan 'yan kwangila biyu ko fiye suna aiki a wuri guda, babban ɗan kwangila ne zai daidaita matakan tsaron. Nauyin ma'aikaci shi ne ya sanya kayan yadda ya dace, ya kuma adana su.

Dokokin Najeriya

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta tabbatar da lafiya da tsaron ma'aikata. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tilasta ba da kayan kariya ga masu aikin da ke da haɗari, sai dai masana sun daɗe suna nuna cewa ma'anar da ta ba masana'anta ba ta game wuraren gini yadda ya kamata ba.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta fi faɗi, domin ta haɗa har da ma'aikatan wucin gadi da masu koyon sana'a. Mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da mai aikin, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ce ke sauraren irin waɗannan ƙararraki.

Inda gizo ke saƙar

Akasarin leburori da birkiloli aikin yini suke yi, ba takarda ba shaida, kuma shugaban magina ne ke kwaso su da safe. Idan tsautsayi ya faɗa, mai gida ya nuna ɗan kwangila, ɗan kwangila ya nuna shugaban magina. Saboda haka yana da muhimmanci a rubuta kuɗin kayan kariya a takardar kwangila tun kafin a haƙa harsashi.

Kayan kariya kuma matakin ƙarshe ne. Hular kwano tana tare bulon da ya faɗo, amma ba ta ceton wanda gini ya rufta da shi, kamar yadda ya faru ranar 1 ga Nuwamba, 2021, lokacin da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, ya hallaka mutum fiye da 40. Ingancin ginin da tsaron wurin hawa suna gaba da hula, kuma su ma mai ɗaukar aiki ne ke da alhakinsu.