Tarihin Binciken Ɓawon Ƙasan Teku

Ɓawon ƙasan teku shi ne baƙin dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin manyan tekuna, kaurinsa kilomita 6 zuwa 7. Tushensa mantil, wato dutse mai zafi da ke tsakanin ɓawon duniya da cibiyarta. Mantil ba ruwa ba ne, sandararre ne, amma yana motsi sannu a hankali. Inda ya taso sama nauyin da ke danne shi yakan ragu, sai wani sashensa ya narke, ya ɓullo ta tsagar tsakiyar teku, ruwa ya daskarar da shi.

An daɗe kafin a gane haka. A 1912 Bajamushe Alfred Wegener ya ce a da nahiyoyi a haɗe suke, sannan suka rabu. Masana suka yi masa ca, domin ya kasa nuna abin da ke tura su. Wajen 1930 Arthur Holmes na Birtaniya ya ce zafi ne ke juya mantil, kamar yadda kunu ke juyawa a tukunya, sai dai ba a sami hujja ba tukuna.

Daga teku hujjar ta fito. A 1952 Marie Tharp, tana zana taswirar ƙasan Atlantika, ta gano wani dogon kwari da ya ratsa tudun da ke tsakiyar tekun. Harry Hess ya yi bayani a 1962 cewa a irin wannan tudu ake samar da sabon ɓawo, tsohon kuma ya koma cikin mantil ta ramukan teku masu zurfi. Shekara ɗaya bayan haka Fred Vine da Drummond Matthews suka yi hasashen cewa, idan haka ne, layukan maganaɗisun da ke cikin dutsen za su zama iri ɗaya dama da hagun tudun. Haƙar da jirgin Glomar Challenger ya yi a kudancin Atlantika daga 1968 ta rufe gardamar: gwargwadon nisa daga tudun, gwargwadon tsufan dutsen. Atlantika na buɗewa da santimita 2 zuwa 5 a shekara, kuma kusan duk ƙasan tekunan yau bai kai shekara miliyan 200 ba.

Abin mamaki, ragowar tekun da ya fi wannan tsufa nesa ba kusa ba tana Burkina Faso, ƙasar da ba ta da gaɓa. Duwatsun Birimiya da ke can, waɗanda Albert Kitson ya raɗa wa suna daga kogin Birim na Gana, sun haura shekara biliyan 2. A yankunan Boromo da Hunde na Burkina Faso akwai baƙin dutse mai dunƙule-dunƙule, siffar da narkakken dutse ke ɗauka idan ya sandare cikin ruwa. Har yanzu ana muhawara ko faffaɗan tudun teku ne asalinsu ko jerin tsibirai masu aman wuta. Hukumar binciken ƙasa ta BUMIGEB da ke Wagadugu ce ke kula da taswirarsu, kuma a jikinsu ake haƙo zinariyar da tun 2009 ta sha gaban auduga a kayan da ƙasar ke fitarwa waje.