Matakin Kuloci da Tarihin Kanikanci a Ƙasar Kankiya

Sana'ar gyaran mota ta shigo tsakiyar ƙasar Katsina ne ta hanyar Kano, domin layin dogo da ya iso Kano a 1911 bai ƙarasa birnin Katsina ba, don haka jakuna da raƙuma ne suka ci gaba da dakon gyaɗa da fatun yankin Kankiya da Kusada har zuwa lokacin da manyan motoci suka karɓi aikin. Sai dai babbar hanyar mota ɗaya ce, garuruwa irin su Kafinsoli kuwa suna da ƙauyuka a bayansu waɗanda ba a kai musu sai ta burtali da rairayi da rafukan da kan kawo da damina. Wannan ne ya ba Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, matsayin motar rangadi ga ma'aikatan En'e da malaman gona da na dabbobi, saboda duk ƙafafunta huɗu suna ja, jikinta kuma na sanholo ne da ba ya tsatsa.

Kuloci shi ne abin da ke raba injin da giya na ɗan lokaci domin direba ya samu damar sauya giya, matakinsa kuwa shi ne na hagu cikin matakai uku da ke ƙarƙashin sitiyari. A Land Rover ta farko sandunan ƙarfe ne ke kai ƙarfin ƙafa zuwa ga kulocin, amma daga samfurin 1958 aka koma ga tura man birki: matakin yana rataye a jikin wani gajeren ƙarfe da yake juyawa a kansa cikin zobban tagulla da ake kira bushin, yana tura sandar tukunyar mai ta sama, wadda kanikawa ke kira masta, ita kuma ta aika man ta bututu zuwa ƙaramar tukunya a jikin giya. Akwai dalilin da ya sa wannan wuri ke saurin cinyewa a tsofaffin motocin. Kafin samfurin 1971 giya ta ɗaya da ta biyu ba su da zoben da ke daidaita gudun haƙora, saboda haka sai direba ya taka kuloci sau biyu kafin giyar ta shiga ba tare da ƙara ba, kuma a cikin rairayi waɗannan giyoyi biyu ne ake yini a kansu. Ƙurar hunturu takan shiga giris ɗin da ke cikin bushin ta mayar da shi tamkar dutsen wasa wuƙa, har ramin ya bar da'irarsa ya yi tsawo, matakin ya fara lilo, ya daina tura masta iyakar da ake bukata.

A zamanin farko maganin wannan a littafi yake. Kanikawan da suka koyi aiki a garejin gwamnati da na kamfanonin Kano sukan cire abin da ya lalace su sa sabo, kuma kayan sun ƙara samuwa bayan da kamfanin Leyland ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Ibadan a 1979. Abin ya sauya daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabbin kayan gyara suka gagari mai ƙaramin ƙarfi, motocin hukuma da aka yi gwanjonsu kuma suka koma hannun 'yan kasuwa masu lodin hatsi da fasinja zuwa kasuwannin ƙauye. Daga nan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama madogara, inda ake farke matacciyar mota a rayar da wata.

Abin da ba a samu a kasuwa ba kuwa sai a ƙera shi, kuma a nan ne kanikanci ya haɗu da tsohuwar sana'ar ƙira. Bakanike yakan sauke matakin gaba ɗaya, mai walda ya cike ramin da ya buɗe, a sake huda shi daidai, mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da sabon bushin daga guntun tagulla, sannan a sauya robobin masta, a fitar da iskar da ta shiga bututu, yaron gareji yana taka matakin maigidansa yana buɗe noti a ƙasa. Gwanintar ba a walda take ba, tana wajen saiti ne, domin dole a bar ɗan wasa tsakanin sanda da masta. Idan ya yi yawa giya ba ta shiga, idan babu shi kuwa mai ba ya komawa, kuloci ya riƙa zamewa har faifansa ya ƙone. Ba adalci ba ne a kira wannan aiki kwaskwarima, ko da yake akwai masu ɗaure mataki da waya su sallami direba.

Yau Toyota Hilux da babura sun gaji yawancin hanyoyin da Land Rover ta bi, motoci masu sauya giya da kansu ba su da matakin kuloci ko kaɗan, wasu sababbi kuma matakinsu da mastarsu na roba ne, waɗanda ba sa karɓar walda, sai dai a sayo wani a ɗaura.