Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga Birtaniya ba ta taɓa sakin jiki da Turai ba. Sai a 1973 ta shiga ƙungiyar, bayan Shugaba de Gaulle na Faransa ya hau kujerar na-ƙi har sau biyu, a 1963 da 1967.

Abin da ya sake ta da ƙura shi ne shigar Poland da maƙwabtanta a 2004. Birtaniya ta buɗe musu ƙofar aiki nan take, ma'aikata suka yi ta kwarara, talakan garuruwan da masana'antunsu suka durƙushe ya ga kamar abincinsa ake ci. Masu son zama suka yi ta gargaɗi kan ciniki da darajar fam, masu son fita suka ce a ƙwato ikon iyaka. A ganinmu, zancen iyaka ne ya fi shiga kunne. Ranar 23 ga Yuni 2016 kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita, aka fice a Janairun 2020.

Amma baƙi ba su ragu ba. Da Turawa suka ja baya, Indiyawa da 'yan Nijeriya suka shigo aikin asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, har yawan masu shigowa a 2022 da 2023 ya zarce na gabanin ƙuri'ar nesa ba kusa ba.